Burki Mai Karkarwa da Hular Sakatare

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar damina ba, ko da ina so in manta, domin da hannuna na rubuta abin da ya faru a littafin ƙungiya, kuma da bakina na karanta shi a gaban mutane. Yau ma ga ni zan ƙara tona wa kaina asiri, ba wanda ya aike ni.

Ni malamin firamare ne a nan Keffi. Shekarun baya na sayi wata farar a-kori-kura 'yar Kwatano, ina ɗan ɗauko doya da gawayi da ita daga wajen Garaku ranakun da babu makaranta. Ta haka na shiga ƙungiyar masu a-kori-kura ta tasharmu, ban kuma yi wata uku ba suka naɗa ni sakatare. (Kada ka ɗauka don na fi kowa hankali ne. Rubutuna ne kawai ke karantuwa.)

Ina da wata cuta tun ina yaro, son sanin ƙwaƙwaf. Sau biyu ina kwance rediyon babanmu don in ga masu maganar da ke ciki, sau biyu kuma ina shan bulala. Matata Hajara takan ce in aka ajiye min tuwo sai na tambayi inda aka niƙa masarar kafin in sa hannu. Ban taɓa musa mata ba, don na taɓa tambaya.

Tun ranar da na sayi motar akwai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa da ke kunne a gaban sitiyari, mai haruffa uku, ABS. Dillalin ya ce ado ne. Da burki ya fara yi min ƙara sai na kai ta garejin Oga Bulus a Sabon Gari, inda yawancin 'yan ƙungiya ke kai gyara. Oga Bulus dattijo ne, ɗan ƙabilar Eggon, gajere, mai furfura a gira, yana aiki a gindin wani mangwaro tun kafin in fara riƙe alli. Ba shi da yawan magana. In ka gaishe shi sau uku zai amsa ɗaya, sauran biyun ya ɗaga maka sifana. Ya yi min aikin burkin, da na karɓi mota kuma na lura fitilar nan ta mutu. Na ce a raina, to, ya cire min adon.

Bayan mako guda ina dawowa daga Garaku ana yayyafi, sai ga shanu sun keto titi. Na danna burki da iya ƙarfina. Abin da na ji a ƙarƙashin ƙafata ban taɓa jin irinsa ba. Burkin ya kama karkarwa yana tunkuɗo min tafin ƙafa, ga wata ƙara gurrr kamar injin markaɗe ya haɗiyi tsakuwa. Na ɗaga ƙafa don tsoro, na sake dannawa, ya sake yi. Motar dai ta tsaya, tsakanina da wata farar saniya bai fi taku ɗaya ba. Bafulatanin da ke kora su ya leƙo ta taga ya ce, "Sannu, Malam," ya wuce abinsa. Ni kuwa na fi minti goma a gefen titi kafin in ci gaba da tafiya.

Washegari na biya gareji a fusace. Ƙafafun Oga Bulus kawai na tarar, sauran jikinsa yana ƙarƙashin wata mota. Na zayyana wa ƙafafun abin da ya faru. Daga can ƙasa ya ce, "Haka yake, Malam. In ya yi rawa ka danne shi kawai, kar ka ɗaga ƙafa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kusa kashe saniyar mutane, a ce min haka yake? Ban ƙara ko kalma ba na ja motata. (Ka lura da wannan wurin. Mutumin da ke tambayar inda aka niƙa masara bai ce "me ya sa" ba.)

Wani ya nuna min shagon Tanko mai rewaya, wato gyaran wayoyin wutar mota, can bayan kasuwa. Tanko bai yi minti biyar ba. Ya buɗe gaban mota, ya zaro wani ɗan abu daga cikin wani akwati baƙi ya jefa a aljihu, ya shiga ciki ya manna baƙin salatif a gaban sitiyari. Ya ce, "Wani abu aka jona maka da bai kamata ba, Malam. Na cire shi." Na so in tambayi ko menene, amma an kusa buga ƙararrawar makaranta, kuma gaskiyar magana amsar ta yi min daɗi, don ta zo daidai da abin da nake zargi. A hanya na gwada burkin a busasshiyar kwalta, tayoyi suka yi ƙiii suka bar baƙin layi. Na ce yawwa, wannan shi ne burkin maza.

Da a nan na tsaya da ba abin da zan ba ka labari. Sai cutata ta motsa. A tasha na ji Ɗanjuma, wani mai jigilar doya, yana cewa tasa motar ma tana yi, har a busasshiyar hanya, ko yana tafiya a hankali. Wani ya ce tasa sai an yi ruwa. Wani ya ce ranar da tasa ta fara ya ɗauka ƙarfen burkin ne ya karye, har ya yi kalmar shahada. Wani ya ce ya kai wa malami an yi mata tofi a kan tayoyi huɗu. Kowa da labarinsa, kuma kowa ya ba ni sha'awa. Me ke sa ƙarfe karkarwa? Me ya sa wasu motocin ke yi wasu ba sa yi? Na kwana biyu abin yana ci na.

Na sayi sabon littafi mai layi arba'in, na ɗauko rula na ja gidaje: sunan mai mota, wurin da yake gyara, tana karkarwa ko ba ta yi, da ruwa ko da rana. Na bi mutum goma sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya, wasu har gida, wani ma na tare shi a bakin masallaci yana neman takalminsa. Da na gama na zauna na duba. Motoci bakwai suna karkarwa, kuma duk bakwai ɗin a hannun Oga Bulus suke gyara. Huɗun da ba sa yi, kamar tawa, duk sun bi ta wurin Tanko ko wani irinsa. Na kuma ƙara da cewa kusan kowa cikin bakwai ɗin ya koma ya yi ƙorafi, an kuma ba shi amsa iri ɗaya: haka yake, ka danne. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan da jan biro.

Na nuna wa Hajara littafin tana tsince shinkafa. Ta duba sama-sama ta ce, "To, Malam, ka je ka tambayi shi mai gyaran mana. Ai daga nan zuwa Sabon Gari ba nisa."

Na ce, "Ke ba ki san bincike ba. Ana tambayar wanda ake bincika ne?"

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ta ci gaba da shinkafarta.

Ban yi niyyar maganar ta fita kafin taro ba, amma ni ne na riƙa buɗe littafin a rumfar mai shayi ina cewa kowa ya riƙe sirri. Cikin mako biyu 'yan ƙungiya suka janye motocinsu daga garejin, masu bas da ke jin labari a tasha su ma suka bi. Ranar wata Laraba na wuce ta Sabon Gari na hango Oga Bulus zaune a kan benci a gindin mangwaronsa, hannunsa fes, ba mota ko ɗaya a gabansa. Ban taɓa ganin hannunsa ba baƙin mai ba sai ran nan. Zan so in ce maka tausayi ya kama ni. Abin da na ji shi ne alfahari, wai bincikena ya fara aiki. Wannan ya fi duk abin da ya biyo baya ba ni kunya in na tuna.

Ciyaman ɗinmu, Alhaji Sabo, mutum ne da ba ya yanke hukunci a bayan ido. Ya ce tunda ana so ƙungiya ta sanar a tasha cewa ta raba gari da garejin, dole a kira mai garejin ya ji da kunnensa. Kowa ya san in aka yi wannan sanarwar, sunan da dattijon ya yi shekaru yana ginawa ya tafi ke nan. Aka sa taro ranar Asabar da hantsi.

Na yi wanka na sa farar shadda, na ɗora hulata zanna wadda surukina ya ba ni, wadda ba na sawa sai Sallah da ɗaurin aure. An kwana ana ruwa, gari ya yi luf. Oga Bulus ya zo da rigar aikinsa ya zauna a ƙarshen benci. Na miƙe na karanta littafina gida-gida, ina ɗaga murya a wurin jan biro. Da na gama Alhaji Sabo ya ce, "Oga Bulus, ka ji. Me za ka ce?"

Ya ce, "Alhaji, abin da Malam ya rubuta gaskiya ne. Ni na gyara su, kuma suna rawa. Motar da ba ta rawa ita ce ba lafiya."

Aka yi 'yar dariya. Ni kuwa sai na ga dama ta samu. Na ce ba sai an ja magana ba, a fita a gwada. A bayan tasharmu akwai wata tsohuwar kwalta da ba a bi, ruwa ya shimfiɗa mata jar laka sirara, ƙarshenta kuma wani lambatu ne mai faɗi. Na sa aka jera kwandunan doya uku marasa komai a tsakiya. Sharaɗi shi ne a taho da gudu ɗaya, a taka burki daidai sandar lantarki, a kauce wa kwandunan a tsaya. Ni na tsara komai, har da auna tazara da ƙafa.

Oga Bulus ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya don kada a ji. Ya ce, "Malam, bayan motarka ba kaya, ƙasa kuma da santsi. Kar ka yi gudu."

Na ɗauka tsoro ne ya kama shi. Sai na cire hulata a gaban kowa, na taka har wurin kwandunan na ɗora ta a kan na tsakiya. Na ce, "Jama'a ku shaida. In na taɓa hular nan, ku karɓi littafinku ku nemi wani sakataren." (Har yau ban san wanda ya sa ni faɗin haka ba. Ba ya cikin shirin da na kwana ina yi.)

Oga Bulus ya fara, da motar Alhaji Sabo, wadda ke cikin bakwai ɗin, Alhaji na zaune a gefensa riƙe da carbi. Suka taho, daidai sanda muka ji gurrr ɗin nan har inda muke tsaye. Motar ta rage gudu, ta karkata hagu a natse, ta zagaye kwandunan ta tsaya. Hulata ko motsi ba ta yi ba. Na juya na ce wa jama'a, "Kun dai ji ƙarar da kunnenku ko?" Wasu suka gyaɗa kai, amma na lura ba da ƙarfi ba.

Na shiga tawa. Na ja baya har ƙarshen fili, na taho, kuma don kada a ce na ji tsoro na ɗan ƙara wuta. Daidai sanda na danna burkin maza. Ba karkarwa, ba ƙara, shiru kamar an ɗauke wuta. Na murza sitiyari hagu. Motar ta ci gaba da tafiya gaba. Na ƙara murzawa har ya ƙure. Ta ci gaba da tafiya gaba, sumul, kamar faranti a kan jiƙaƙƙen siminti.

Abin da zai ba ka mamaki, a wannan lokacin ma tambaya ce a kaina. Ina kallon hulata tana matsowa, ina ganin zanen zarenta ɗaya bayan ɗaya, ina cewa a raina: ikon Allah, tayoyi sun kalli hagu, to me ya sa mota ke tafiya gaba? Ban samu amsa ba na ji ƙaras, kwando ya shige ƙarƙashi. Bayan motar ya juyo a hankali kamar mai neman wurin zama, ƙafar baya ta faɗa lambatu, injin ya mutu. Na tsinci kaina a karkace, gaban mota yana fuskantar 'yan ƙungiya gaba ɗaya, ni da su muna kallon juna ta gilashi.

Ina jin ɗigar ruwa daga rufin rumfa. Can sai Ɗanjuma ya gyara murya ya ce, "Amma dai gaskiya, Sakatare, ba ta yi karkarwa ba."

Wallahi har mai shayi sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Alhaji Sabo ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Na so in zauna a cikin motar har Magariba, amma ƙofata ta sama ce, dole na turo ta na fito da rarrafe, na dire a cikin laka da farar shadda.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Oga Bulus ya iso ya kama hannuna ya ce, "Ba ka ji ciwo ba, Malam?" Na ce a'a. Ya duƙa ya zaro hulata daga cikin ragowar kwando. Ta zama kamar waina, ga sawun taya ya ratsa ta tsakiya. Ya kaɗe ta a cinyarsa ya miƙo min da hannu biyu. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Da igiyarsa aka ja ni, kuma da motar Alhaji mai karkarwa. Bayan an fito da tawa Oga Bulus ya buɗe gabanta ya nuna wa kowa wani ɗan gurbi a cikin baƙin akwatin nan, inda Tanko ya zare fis, ɗan abin da ke ba na'urar burki wuta. Ya shiga ciki ya ɓare salatif, ya kunna mota, sai ga fitilata ruwan ɗorawa tana nan a kunne, ashe rufe mata ido kawai aka yi.

A nan ne, ina tsaye ba hula, laka har gwiwa, na yi tambayar da ya kamata in yi wa ƙafafunsa tun wata guda baya. Na ce, "Oga Bulus, don Allah me ya sa yake karkarwa?"

Ya dube ni kamar yana auna ko da gaske nake. Sai ya tsuguna ya ɗauki wani ɗan gwangwani ya gangara shi a ƙasa. Ya ce taya in tana juyawa tana jin maganar sitiyari, in ta ƙame kuwa ta zama kamar takalmi a kan santsi, duk inda ka juya ta ba ruwanta. A gindin kowace taya akwai ɗan ƙarfe mai waya da ke lura da juyawarta. In ya ga za ta ƙame sai na'urar ta saki burki ta sake kamawa, da saurin da ƙafar mutum ba za ta iya ba. Wannan saki da kamun shi ne rawar. Fitilar kuma in tana kunne, tana gaya maka na'urar ba ta aiki ne. Yawancin motocinmu haka suke zuwa, shi kuma in ya karɓi aikin burki ba ya iya barinta a mace.

Ya ƙara da abin da ban zata ba. Ya ce a kan tsakuwa ko yashi wani lokaci mai rawar takan ɗan fi nisa kafin ta tsaya, wannan gaskiya ne, sai dai kana iya kaucewa. Ya kuma juya wurin Ɗanjuma ya ce tasa da ke rawa a busasshiyar hanya tana tafiya a hankali, wannan kam ciwo ne, laka da tsatsa ne suka toshe ɗan ƙarfen, wankewa kawai yake so. "Na ce ka kawo ta tun tuni, ba ka kawo ba."

Ɗanjuma ya ce, "Sakatare ne ya ce kada in kai."

Duk suka sake juyowa gare ni. Na duƙar da kai ina duba hulata kamar akwai abin karantawa a ciki.

Alhaji Sabo ya tambayi Oga Bulus me ya hana shi yin wannan bayanin tun farko. Ya ce, "Alhaji, kowa ya zo faɗa yake yi ya tafi. Ba wanda ya tsaya."

Na miƙa wa Alhaji littafin ƙungiya kamar yadda na yi alkawari. Ya ƙi karɓa. Ya ce ai sauka sauƙi ne, hukuncina shi ne in zauna a kujerata in rubuta duk abin da ya faru yau, ba ragi, in karanta a taro na gaba, sannan in bi rumfar mai shayi da duk inda na buɗe wancan littafin in warware abin da na ƙulla. Na yi. Da na zo karantawa na rubuta cewa motar sakatare "ta ɗan zame", Ɗanjuma ya ɗaga hannu ya ce a gyara, aka gyara.

Litinin da sassafe na kai motata gindin mangwaro, na tarar da motoci uku a gabana. Sai da aka fi wata kafin masu bas su dawo, wasu ma ba su dawo ba har yau, kuma wannan nauyin a wuyana yake. Na ba Oga Bulus haƙuri, ya ce ya wuce, ya ɗaga min sifana. Fis ɗin da ya mayar bai kai farcen babban yatsana ba.

Da na koma gida ranar Asabar ɗin, Hajara ta dubi shaddar, ta dubi hular. Ta kawo min ruwa, sai da na sha ta ce, "An gama binciken?" Ta wanke hular sau uku, sawun tayar bai fita ba. Da surukina ya tambaya na ce tana wurin wanki, kuma a lokacin ba ƙarya na yi ba.

Har yanzu ina son sanin ƙwaƙwaf, wannan ba ya warkewa. Abin da na koya shi ne, na tambayi mutum goma sha ɗaya, na ja layi da rula, na sayi jan biro, duk don in kauce wa tambayar mutum ɗaya da nake tsoron amsarsa za ta ɓata min littafi. Yanzu in abu ya ɗaure min kai, wurin wanda nake zargi nake fara zuwa. In kuma na ji bakina yana shirin cewa "jama'a ku shaida", sai in kai hannu in dafe hulata, in tabbatar tana kaina.